Nonon Inna Laure

Ranar sunan ɗan Muttaka aka yi maganar, kuma a lokacin babu wanda ya ɗauke ta da nauyi.

Muttaka manomi ne a Gwangwan, cikin ƙasar Rogo. Gyaɗa da masara yake nomawa, da rani kuma yana ɗan taɓa saye da sayarwar hatsi. Matarsa Bahijja 'yar Karaye ce, amma mahaifiyarta, marigayiya Turai, haifaffiyar Gwangwan ce, ta nan ma aka san juna har aka kai ga aure. Sun kusa shekara goma tare. Suna da 'ya'ya mata biyu, babbar ita ce Sadiƙa, sai ga namiji ya zo bayan an gama cirar gyaɗa.

Da yamma mata sun cika tsakar gida ana rabon waina, aka riƙo hannun Inna Laure aka shigo da ita. Tsohuwa ce maƙwabciyarsu, kuma kowa a unguwar ya san ita ta shayar da Muttaka sa'ad da mahaifiyarsa ta kwanta ciwo bayan haihuwarsa. Yanzu ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, tunaninta kuma yakan zo ya tafi. Aka ɗora mata jaririn a cinya. Ta shafa kansa ta ce, "Wannan jikana ne gaba da baya. Uban ya sha nonona, uwar ma ta sha."

Mata suka yi dariya. Wata ta ce, "Inna, ina kika ga Bahijja da za ki shayar da ita? Ai a Karaye aka haife ta."

"Turai ta zo ganin gida da goyo. Ta shiga wanka, yarinya ta dinga tsala kuka. Ni kuma a lokacin ina goyon autana, sai na sa ta a nono ta yi shiru."

Bahijja ma ta yi dariya, ta karɓi ɗanta, aka ci gaba da hidima. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariyar ba, matar Bahauddeen, yayan Bahijja. Da suka koma Karaye ta gaya wa mijinta abin da ta ji.

Bahauddeen malamin firamare ne, mutum mai tsantseni, kuma yana son ƙanwarsa. Duk karatun da ake sawa a waya yana bi. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi a Gwangwan da hantsi a kan babur. Ya tarar da Muttaka a ƙofar gida yana shanya gyaɗa. Suka gaisa, aka tambayi iyali da mai jego da gajiyar suna, sannan ya ce su shiga soro akwai magana.

"Malam Muttaka, wallahi tun da na ji maganar nan hankalina bai kwanta ba. Na rasa wanda zan tambaya ba tare da zancen ya fita ba, shi ya sa na aika wa Malam Abdulsalami, wanda yake amsa tambayoyi kai tsaye a Fesbuk daga Kano. Ban ambaci sunan kowa ba. Saurari abin da ya ce."

Muttaka bai ma san wace magana ake nufi ba, don shi a waje yake ranar suna tare da maza. Sai da Bahauddeen ya koma ya faro masa daga farko, sannan ya danna wayar.

Wani matashi ya karanto tambayar: mai tambaya daga Gwangwan ta ƙaramar hukumar Rogo yana cewa, miji da mata ne aka gano sun sha nonon mace ɗaya, mene ne hukuncin aurensu? Malamin ya gyara zama, ya yi salati, ya ce shayarwa tana haramta abin da haihuwa take haramtawa, ko maƙwarwa ɗaya ce ta kai cikin jariri. Ya ce waɗannan wa da ƙanwa ne, lallai su rabu nan take. 'Ya'yan na ubansu ne, babu laifi a kan abin da ya wuce cikin rashin sani, amma daga ranar da suka sani duk zaman da suka ƙara yana kansu.

Da bidiyon ya ƙare Muttaka ya juyo wurin Bahauddeen.

"Ka ce ba ka ambaci suna ba."

"Ban ambata ba."

"Amma ya ce Gwangwan. Mutum nawa ne Inna Laure ta shayar a Gwangwan? Matan da suka ji maganar ranar suna duk mazansu suna da waya."

Bahauddeen ya sunkuyar da kai. Ya ce garin kawai aka ce ya rubuta, bai yi tunanin za a karanto shi ba.

Kafin la'asar bidiyon ya shiga zauren Wasap na matasan garin.

Abu na farko da suka yi shi ne zuwa wurin tsohuwar, su uku, har da Bahijja da goyonta. Suka same ta a rumfa tana ɓarar gyaɗa da lalube. Muttaka ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, maganar da kika yi ranar suna. Kin tabbata Bahijja ce kika shayar?"

"'Yar Turai ce mana."

Bahijja ta ce, "Inna, ai mu biyu ne mata. Akwai Yaya Mas'uda da ta rasu tana ƙarama. Wacce ce a ciki?"

Tsohuwar ta tsaya da ɓarar. Ta ce, "Af, Mas'uda. Allah ya ji ƙanta. Fara ce, mai yawan kuka. Ina jin ita ce." Muttaka ya sauke numfashi. Sai ta ƙara da cewa, "Ko kuwa ke ce? Ke ma kin yi kuka. Shekarar da fara ta cinye gonaki ce dai."

Bahauddeen ya tambaye ta wace shekara ce aka yi farar. Ta ce shekarar da Turai ta zo. Ya tambaye ta ko akwai wanda ya gani. Ta ce Turai ta sani, a je a tambaye ta. Da aka tuna mata Turai ta daɗe da rasuwa sai ta fara hawaye, tana cewa ba wanda ya gaya mata. Dole suka bar ta haka.

Daga nan suka wuce zauren Malam Mijinyawa, Bahijja kuma ta koma gida. Malam Mijinyawa shi ne limamin unguwar, shi ya ɗaura auren, shi ya raɗa wa 'ya'yan suna. A da duk abin da ya taso a wannan yanki, rabon gado ne ko rikicin saki, zaurensa ake kawowa, kuma abin da ya faɗa shi ke nan. Ranar sun tarar da zauren a cike, don labari ya riga su zuwa. Samari sun tsaya a bakin ƙofa, kusan kowa da waya a hannu.

Malam ya saurari Muttaka har ya gama. Ya tambayi ko an taɓa jin wannan magana kafin ɗaurin aure. Dattawan da ke wurin suka ce ba su taɓa ji ba. Ya tambayi ko akwai wata mace ko wani namiji da zai ba da shaida tare da Laure. Aka ce babu. Ya sa aka miƙo masa wani littafin fiƙihu, ya buɗe ya duba, duk da ana ganin ya san wurin, sannan ya ce, "A abin da muka karanta, ba a warware aure da maganar mace ɗaya, balle wadda ita kanta ba ta tsaya a kan magana ɗaya ba. Aurenku yana nan."

Bahauddeen ya ce, "Allah ya gafarta malam, da izininka. Akwai hadisi a kan wata mata ita kaɗai da ta ce ta shayar da miji da mata, kuma aka raba su. Ga shi ma Malam Abdulsalami ya ce ko maƙwarwa ɗaya ce."

Ya kunna bidiyon. Malam Mijinyawa ya karkata kunne, sai fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Wannan ba Abdulsalami na Falgore ba ne? A nan ya sauke Alƙur'ani, a nan ya fara littattafai kafin ya tafi birni." Ya ƙara saurara. "Abin da ya faɗa gaskiya ne. Ni na karantar da shi haka. In ta tabbata, maƙwarwa ɗaya ta isa. Amma ai ba ta tabbata ba."

Wani saurayi daga bakin ƙofa ya ce shi kuma yana da karatun wani malami da ya ce sai an shayar sau biyar, kowacce jariri ya ƙoshi, sannan take haramtawa. Ya kunna, murya ta cika zauren. Muttaka ya ji kamar an ɗauke masa dutse daga ƙirji, don Inna Laure sau ɗaya ta ce. Ya juyo da sauri ya ce, "Malam, ke nan ko da Bahijja ce babu komai?"

Malam ya girgiza kai. "Wannan maganar wasu manyan malamai ce, ban raina ta ba. Amma ba a kanta muke ba a nan. Ba zan ba ka ita yau don ta yi maka daɗi ba, alhali jiya da wani ya tambaye ni ba ita zan ba shi ba."

Wani kuma ya kunna na uku, da Larabci, wani yana fassarawa a kai. Muryoyi suka haɗu, ba a jin ko ɗaya sosai. Wani dattijo ya tsawatar, aka kashe.

Malam ya ce, "Hadisin da Bahauddeen ya kawo yana nan. Malamanmu sun ce abin da yake nunawa shi ne an so mutum ya nisanta don tsantseni, ba tilas ba. Wasu kuma sun ce tilas ne. Littafin nan ma ya ce an so a nisanta."

Muttaka ya ce, "Allah ya gafarta malam, ni fa ban gane ba. In zauna da matata ko in rabu da ita?"

"Shari'a ba ta raba ku ba."

"Amma an so in rabu da ita?"

"An so, in zuciyarka ta gaskata maganar."

"Ni ban san abin da zuciyata ta gaskata ba."

Malam ya rufe littafin. Ya ce, "Nan kam ban iya shigar maka ba, Muttaka."

Da aka watse, rabin mutane suka tafi suna cewa Malam ya ce aure yana nan, rabi kuma suna cewa Malam ma ya ce a rabu.

A gida Bahijja tana zaune a bakin gado, ta riga ta ji komai, don an turo mata bidiyon a wayarta daga wurare daban-daban. Ta ce, "Baban Sadiƙa." Sai ta tsaya. "Ban ma san da me zan kira ka ba yanzu."

"Ki kira ni yadda kika saba."

"Yaya ya ce in bi shi Karaye har a gane gaskiya. Ya ce duk kwanan da na ƙara a ɗakin nan ana rubuta mana."

"Malam ya ce aure yana nan."

"Matar amininka Sulle ta shigo yanzu ta ce Malam ya ce a nisanta."

"Ya faɗi wannan ma."

Ta dube shi. "To wanne ne?"

Da zai ce mata ta zauna da ta zauna, ya san haka. Amma kalmar nan ta cewa ana rubuta musu ta riga ta shige shi shi ma. Ya fita ya taya Bahauddeen ɗaure jakarta a bayan babur. Ta tafi da jaririn da ƙaramar yarinyar, aka bar Sadiƙa wurin kakarta ta wajen uba saboda makaranta.

Makonnin da suka biyo baya Muttaka bai san yadda suka wuce ba. Da can wayarsa ta kiran dillalan hatsi ce da jin labarai. Yanzu ya koyi neman karatu, ya rubuta kalmar shayarwa, malamai su jero. Yana sussukar masara yana saurare. Wani ya ce a rabu, wani ya ce sai da shaidu biyu, wani ya ce mace ɗaya ta isa in mai gaskiya ce, wani ya ce sai ta rantse. Kowanne yana kawo aya da hadisi, kowanne in yana magana sai Muttaka ya ji shi ne mai gaskiya, har sai na gaba ya fara. In ya ji wanda ya halatta masa matarsa sai ya yi zargin kansa da bin son zuciya. In ya ji wanda ya haramta sai ya nemi wani.

Amininsa Sulle ya rubuta tambayar a wata manhaja da ake ce tana amsa komai. Ta jero masa maganganun mazhabobi ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ta ce ya tuntuɓi malamin garinsu. Muttaka ya yi dariyar da ba ta daɗi ba, ya ce ai daga can ya fito.

Garin ma ya rabu. A teburin mai shayi ba a wata hira sai wannan. Wasu samari suka daina bin Malam Mijinyawa salla, suka koma wani masallaci a bakin hanya, suna cewa ya fifita littafi a kan hadisi. Dattawa kuma suna cewa yara sun sami malamai a aljihu sun raina na gida. Mata suka shiga tone-tone, kowacce tana tuna wa ta taɓa shayarwa da wa aka taɓa ba ta riƙo. Wani aure da aka sa wa rana a ƙauyen Jajaye aka ɗaga shi saboda kakar yarinyar ta ce tana kokwanto. Sadiƙa ta dawo daga makaranta tana kuka, an ce mata babanta kawunta ne.

Inna Laure kuwa ta manta ta yi maganar. Duk sanda Muttaka ya shiga gaishe ta sai ta ce, "Ina Bahijja? Kwana biyu ban ji motsinta ba. Kada dai ka ɓata mata rai."

Wata ranar Juma'a bayan an sauko, Malam Mijinyawa ya aika a kira Muttaka. Ya same shi shi kaɗai a zaure, ya rame, ga ƙaramar wayarsa mai maɓalli a kan buzu. Ya ce ya sa an nemo masa lambar Abdulsalami, yana so a yi maganar a gaban mai ita.

Da aka ɗauka ya faɗi sunansa, muryar da ke can ta sauya nan da nan. Malam Abdulsalami ya shiga gaisuwa, yana tambayar jiki da iyali da almajirai, yana neman gafarar daɗewa bai zo ba. Malam Mijinyawa ya bar shi ya gama, sannan ya ba shi labarin tun daga ranar suna, da tsufan Laure, da Mas'uda, da rasuwar Turai.

Sannan Malam Abdulsalami ya ce, "Allah ya gafarta malam, ba haka tambayar ta zo mini ba. Cewa aka yi an gano sun sha. Na ɗauka magana ce tabbatacciya. A zama ɗaya tambayoyi sukan yi yawa, ba na samun damar bin kowacce in ji asalinta."

"To yanzu da ka ji fa?"

"Yanzu ba zan ce auren ya warware ba. Wannan sai an zauna an ji ta bakin kowa, aikin alƙali ne ko ku da kuke wurin. Sai dai, Malam, ka gafarce ni, ni a raina hadisin nan yana da ƙarfi. Da ni ne, da na nisanta."

Malam Mijinyawa ya ce, "Ka faɗi gaskiyarka, Allah ya yi maka albarka. Ga mai matar nan yana jin ka."

Malam Abdulsalami ya ba Muttaka haƙuri sosai, ya yi alkawarin zai yi gyara a zama na gaba. Ya kuma cika. Ya yi dogon bayani, ya kawo saɓanin malamai, ya ce a daina yaɗa na farkon. Amma na farkon gajere ne, na biyun kuwa ya yi tsawo, mutane kaɗan suka kalle shi har ƙarshe. Wani ya yanko wurin da ya ce da shi ne da ya nisanta, ya saka shi kaɗai. Wani ya yanko wurin da ya ce ba zai ce aure ya warware ba. Masu bin wancan masallaci suka ce malaminsa ne ya matsa masa ya janye. Bidiyon da ke yawo ya zama uku, duk na mutum ɗaya, kowane ɓangare yana tura nasa.

Muttaka ya hau babur ya tafi Karaye. Ya sami Bahijja a tsakar gidan yayanta tana wankin kayan jariri. Yaron ya yi wayo, har yana dariya in an yi masa wasa. Suka gaisa kamar baƙi. Ya zauna a kan turmi ya ba ta labarin wayar da aka yi.

Ta ce, "Na ga duka ukun. Ni na daina buɗewa. Jiya wata ta turo mini wani daga wata ƙasa, ban ma san yaren ba."

"Me kike gani?"

"Tun da aka fara maganar nan kai ne na farko da ya tambaye ni." Ta matse rigar da ke hannunta ta shanya. "An tambayi Kano, an tambayi Makka, an tambayi na'ura. Ni da aka ce na sha nonon ina jaririya, ba abin da na sani. Abin da na sani shi ne ba zan iya zama haka ba, ba matar aure ba, ba bazawara ba. Tun da shi malamin ya ce aikin alƙali ne, a kai mu gaban alƙali. Abin da ya yanke na bi, ko wanne ne."

Bahauddeen ya fito daga ɗaki, ashe yana ji. Shi ma ya faɗa, idonsa ya zurma. Ya ce bai ƙi ba. Ya ce wallahi da ya san haka abin zai zama, da Gwangwan ya zo ya yi magana a soro tun farko. Amma kuma, in ji shi, ko da ya yi hakan maganar tana nan, ba shi ya ƙirƙire ta ba.

Aka je kotu a Rogo. Alƙali ya saurari kowa. Aka kawo Inna Laure a mota, ta zauna tana rarraba ido. Da aka tambaye ta, ta ce ta shayar da Muttaka, wannan kam ta sani. 'Yar Turai kuwa, ta ce kamar an yi haka, kamar kuma a mafarki ta gani. Aka nemi wani mai shaida, babu. Alƙali ya ce shayarwa ba ta tabbata ba, aure yana nan daram, kuma ya gargaɗi masu yaɗa maganar.

A bakin kotu Bahauddeen ya ce wa Muttaka, "Alƙali da zahiri yake hukunci. Abin da ya faru a ɗakin Laure Allah ne ya sani."

Muttaka ya ce, "To me kake so in yi?"

"Ban sani ba. Wallahi ni ma ban sani ba."

Bahijja ta dawo Gwangwan gab da faɗuwar damina. Ba a yi wani taro ba, Sulle ne ya ɗauko su a motar haya. Wasu mata suka shigo yi mata barka da dawowa, wasu suka ƙi, har yau kuma akwai waɗanda ba sa cin abincin gidan. Bahauddeen yana aiko da gaisuwa da tsarabar yara, amma bai ƙara taka gidan ba. Samarin da suka bar masallacin Malam Mijinyawa kaɗan ne suka komo. Shi kansa Malam ya sauya. In an kawo masa tambaya yanzu, kafin ya amsa sai ya ce, "Wa ka riga ka tambaya, me ya ce maka?" Wani lokaci in an gaya masa sai ya ce a bi wancan ɗin, ya ja carbinsa.

Tsakanin miji da mata kuwa abin ya ɗauki lokaci. Suna hira, suna cin abinci tare, amma akwai ranakun da Muttaka zai dube ta tana tankaɗe ya tsinci kansa yana neman kamanni a fuskarta, alhali ya san nono ba ya sa kama. Ita ma ta lura. Wata rana ta ce masa, "In za ka dinga kallona haka, gara ka mai da ni." Ya ba ta haƙuri. Ya goge duk karatun da ya tara a wayar, bayan kwana biyu kuma ya sake sauko da wasu.

Ranar wata kasuwar Rogo ya je sayen irin gyaɗa. Yana tsugune yana duba ƙwayar, mai irin, wani mutumin Jajaye da bai san shi ba, ya tambaye shi daga ina. Da ya ce Gwangwan, mutumin ya matso.

"Ashe kai za ka ba ni labari. An ce a garinku wani ya auri ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, har da 'ya'ya. Malamai sun ce su rabu, ya ƙi, ya kai su kotu."

Muttaka ya ce, "Ba haka aka yi ba."

"To yaya aka yi? Ni a waya na gani."

Muttaka ya buɗe baki zai fara, sai ya ga bai san ta inda zai kama ba, ga mutane sun fara juyowa. Ya ce, "Maganar shayarwa ce, kuma ba ta tabbata ba."

"Amma an sha ko ba a sha ba?"

"Ba wanda ya sani."

Mutumin ya ce, "Ikon Allah. Kai da kai ne, ya za ka yi?"

Muttaka ya ce a auna masa irin, rana tana yi. Ya ɗaure buhun a bayan babur ya kama hanyar gida. Hadari ya haɗo ta gabas, manoma sun fito suna ta gyaran gonaki. Da ya isa ya tarar Bahijja ta fito da kwarya da tabarma. Suka zauna a rumfa da yaran suna tsince irin, suna ware masu ƙwari gefe. Ta tambaye shi labarin kasuwa, ya ce taki ya ƙara tsada. Ta ce gobe in an yi ruwa sai a fara da gonar bakin rafi, ya ce haka shi ma ya yi tunani.